Daga Jiƙaƙƙen Buhu Zuwa Motar Tanka: Tarihin 'Yan Kwana-Kwanan Sa-Kai a Karkarar Ostireliya

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san idan wuta ta kama gona ko rumbu ba a jiran motar kwana-kwana. Ihu ɗaya ake yi, sai ka ga mai bokiti da mai fartanya da mai ɗanyen reshe sun fito a guje. Manoman ƙasar Ostireliya ma da haka suka fara. Sai dai su wannan fitowa ta maƙwabta ba ta tsaya nan ba, ta zama ƙungiya mai doka da motoci da horo, har yau jiha guda, New South Wales, tana da 'yan kwana-kwanan sa-kai kimanin 70,000 waɗanda ba su da albashi ko sisi. Kusan kowane mataki da suka taka kafin su kai nan, sai da aka yi asarar rayuka sannan aka taka shi.

Ƙasar da dajinta ke jiran wuta

Yanayinsu kishiyar namu ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da muke fama da sanyin hunturu, su a lokacin ne zafi ke kai maƙura. Mafi yawan dajinsu kuma bishiyar turare ce, wadda wasu ke kira zaiti, irin wadda aka shusshuka a Kano da Jigawa da Katsina don tare hamada. Asalinta daga can ne. Ganyenta na ɗauke da mai, ɓawonta kuma yana saɓulewa ya rataya a jiki, don haka idan ta kama wuta iska kan kwashi ɓawon yana ci, ta je ta yar da shi nesa, wata sabuwar wuta ta tashi a gaban ta farko.

'Yan asalin ƙasar sun shafe dubban shekaru suna zaune da wannan daji. Dabararsu ita ce su riƙa ƙona shi kaɗan-kaɗan a lokacin da ƙasa ke da sanyi, don kada busasshen ciyayi ya taru. Da Turawan Ingila suka fara zama a 1788 suka raba su da ƙasarsu, wannan al'ada ta mutu a wurare da yawa. Ranar 6 ga Fabrairu 1851 baƙin suka ga abin da dajin zai iya. Wutar da suka sa wa suna Baƙar Alhamis ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yankin Victoria, ta kashe mutum 12 da tumaki wajen miliyan guda.

Taron manoma a Berrigan

Berrigan ƙaramin gari ne na manoman alkama da masu kiwon tumaki a kudancin New South Wales, kusa da kogin Murray. Shi ake dangantawa da ƙungiyar kashe gobarar daji ta farko a ƙasar. Bayan munanan gobarori a shekarar 1896 mutanen garin suka haɗa kai, a watan Nuwamba 1900 kuma aka yi taron da ya shigar da ƙungiyar cikin rubutu.

Kayan aikin wancan zamani ba su wuce abin da ke kowane gida ba: buhun da aka jiƙa, ɗanyen reshe, shebur, manjagara, da sanda mai fata ko tamfol a baki da ake bugun wuta da ita. Ruwa kuma a tankin ƙarfe ake jawo shi bisa amalanken doki. Daga baya aka samu famfon goyo, irin wanda manomanmu ke feshin magani da shi. Abin da ƙungiyar ta ƙara a kan ihu da gudu shi ne, tun kafin wuta ta tashi an san wane ne shugaba, an san inda kaya suke, an san wanda zai zo. Garuruwa suka yi ta kwaikwayo, amma kowace ƙungiya tana cin gashin kanta, kayan wannan bai dace da na waccan ba, babu kuma mai ba da umarni idan wuta ta tsallaka iyakar gari.

Baƙar Juma'a da alƙali Stretton

Wannan rauni ya fito fili ranar Juma'a 13 ga Janairu 1939. An daɗe ana fari a Victoria, zafi a birnin Melbourne ya kai digiri 45.6, ƙananan wutace da ke ci a daji tun makonni suka haɗe. Kusan hekta miliyan 2 ta ƙone, mutum 71 suka rasu. Da yawansu ma'aikatan tsaga katako ne da iyalansu, waɗanda ke zaune a tsakiyar daji ba su da hanyar fita.

Gwamnati ta naɗa alƙali Leonard Stretton ya yi bincike. Abin da ya gano bai yi wa kowa daɗi ba: mafi yawan wutar mutane ne suka kunna ta da hannunsu, makiyaya masu neman sabuwar ciyawa, manoma masu sharar gona, da masu aikin katako, kowa na ganin tasa ƙaramar wuta ba za ta yi komai ba. Ya kuma soki yadda hukumomi ke ja-in-ja a kan wanda ke da alhakin daji. Ya ba da shawarar a kafa hukuma guda ta kashe gobara, a riƙa ƙona ciyayi bisa tsari kafin lokacin zafi, a kuma haƙa ramukan fakewa a wuraren tsaga katako.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka yi ta jan ƙafa. Ranar 22 ga Disamba 1943 wuta ta rutsa da masu kashe gobara a Tarrawingee, kusa da garin Wangaratta, mutum 10 suka mutu, har da yara biyu 'yan shekara 14. Kafin wannan bazara ta ƙare an rasa mutum 51 a jihar. Sai a lokacin majalisa ta yi doka a 1944, hukumar kashe gobarar karkara ta Victoria, wadda ake kira CFA, ta fara aiki ranar 2 ga Afrilu 1945. Ba a kori 'yan sa-kai an kawo ma'aikatan gwamnati ba. An bar kowace ƙungiya a garinta da shugaban da membobinta suka zaɓa, hukuma ta ɗauki nauyin motoci da kayan sadarwa da tsarin umarni.

Juyawar iska

Duk da motoci da oba-oba, akwai abin da ya ci gaba da kashe jarumai, wato juyawar iska. A ranar tsananin zafi iska daga arewa take busowa, sai wuta ta miƙe kudu, siririya a kai, doguwa a gefe. Masu kashe gobara a gefen suke aiki, domin nan ne ake iya tunkararta. Da yamma sai iska ta juyo daga kudu maso yamma, wannan dogon gefe mai tsawon kilomitoci ya koma shi ne kan wutar cikin 'yan mintoci, duk wanda ke wurin ya tsinci kansa a gabanta.

Haka ta faru ranar 16 ga Fabrairu 1983, ranar da ake kira Larabar Toka. Mutum 75 suka rasu, 47 a Victoria, 28 a jihar Ostireliya ta Kudu. A cikinsu 17 'yan kwana-kwana ne. A Upper Beaconsfield kaɗai, 'yan sa-kai 12 da ke cikin motoci biyu suka mutu a kan wata siririyar hanyar daji bayan iska ta juya.

Shekara 15 bayan haka aka maimaita. Ranar 2 ga Disamba 1998, kusa da garin Linton, iska ta juya wa motoci biyu. Mutanen mota ɗaya suka tsira, 'yan sa-kai biyar na ƙungiyar Geelong West da ke cikin ɗayar suka ƙone. Binciken da ya biyo baya ya canza aikin gaba ɗaya. Aka wajabta cewa babu mai hawa motar kashe gobarar daji sai ya yi horon farko ya ci jarrabawa, ko da ya shekara 30 yana aikin. Aka sa wa motoci ƙararrawar da ke gargaɗi idan ruwa ya yi ƙasa, don a rage wani kaso na kare kai. Daga bisani aka ƙara labulen tare zafi a tagogi da bututun da ke yi wa motar kanta feshin ruwa idan wuta ta rufe ta.

Ranar da motoci ba su isa ba

Baƙar Asabar, 7 ga Fabrairu 2009, ta koyar da wani darasin daban. Zafi a Melbourne ya kai digiri 46.4. Wasu daga cikin wutacen daga wayoyin lantarki suka tashi. Garuruwan Kinglake da Marysville suka zama toka, gidaje sama da 2,000 suka ƙone, mutum 173 suka mutu, da yawa a cikin gidajensu. A da ana gaya wa jama'a su zaɓa, ko su fita da wuri ko su tsaya su kare gida. Kwamitin binciken da alƙali Bernard Teague ya jagoranta ya nuna cewa akwai ranakun da babu gidan da ke karuwa. Tun daga 2009 aka ƙara mataki mafi tsanani a ma'aunin haɗarin gobara, aka fara tura saƙon gargaɗi ta wayar salula, hukumomi kuma suka koma faɗa wa mutane gaskiya: kada ka zauna kana jiran mota ta zo ƙofarka, a irin wannan rana fita da sassafe ne mafita.

A New South Wales kuwa, dokar 1997 ce ta haɗa ƙungiyoyin ƙauyuka ƙarƙashin hukuma guda mai suna RFS, wadda ke da rassa kusan 2,000. Kaso mafi tsoka na kuɗinta daga harajin da aka ɗora wa kamfanonin inshora yake fitowa, saura daga ƙananan hukumomi da gwamnatin jiha. Membobinta manoma ne, malaman makaranta, kanikawa da 'yan kasuwa, maza da mata. Ba gobarar daji kaɗai suke zuwa ba. A ƙauyuka da yawa su ne ke fara isa idan gida ya kama wuta, ko mota ta yi hatsari, ko ambaliya ta ci hanya, ko wani ya ɓace a daji.

Baƙar Bazara da tambayar kuɗi

Daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 aka gwada wannan tsari fiye da kowane lokaci. Wuta ɗaya da tsawa ta tayar a dutsen Gospers, arewa maso yammacin Sydney, ta cinye sama da hekta 500,000. A jihar baki ɗaya hekta miliyan 5.5 ta ƙone. A faɗin ƙasar wuta ta kashe mutum 33, tara daga cikinsu masu kashe gobara ne. Biyu sun rasu ranar 19 ga Disamba kusa da Buxton lokacin da bishiya ta faɗo motarsu ta kife. Wani ya rasu ranar 30 ga Disamba kusa da Jingellic, inda guguwar da wutar ta haifar ta ɗaga mota mai nauyin tan-tan ta juyar da ita. Amurkawa uku kuma jirginsu na zuba ruwa ya faɗi ranar 23 ga Janairu 2020. Sai da mamakon ruwan sama ya sauka a Fabrairu aka samu sa'ida.

Wannan karon matsalar ta tsawon lokaci ce. Mutumin da ya saba barin shagonsa kwana biyu ya koma, sai ga shi ya shafe makonni babu shigar ko kwabo. A ƙarshen Disamba gwamnatin tarayya ta amince ta biya wanda ya wuce kwana 10 a bakin aiki har dala 300 a rana, kada ya haura dala 6,000, idan mai sana'ar kansa ne ko ma'aikacin ƙaramin kamfani. Ko a cikin 'yan sa-kan ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin diyya ce da ta dace, wasu na tsoron idan kuɗi ya shigo ruhin sa-kai zai fita.

Akwai kuma labarin gudummawa. Wata 'yar wasan barkwanci, Celeste Barber, ta buɗe asusun taimako a Facebook, aka tara sama da dala miliyan 51. Masu bayarwa da yawa sun ɗauka kuɗin zai kai ga waɗanda gidajensu suka ƙone a ko'ina. Amma asusun da aka rubuta na amanar RFS ne, a watan Mayu 2020 kuma babbar kotun jihar ta yanke cewa ba za a raba shi ga wasu ƙungiyoyi ko wasu jihohi ba. Sai a kan kayan aiki da horo da tallafa wa 'yan kwana-kwanan da suka ji rauni da iyalan waɗanda suka rasu. Duk ƙungiyar da ke karɓar taimakon jama'a ya kamata ta riƙe wannan: abin da aka rubuta tun farko shi zai yi hukunci, ba abin da ke zuciyar mai bayarwa ba.

Har yanzu tsarin na fuskantar barazana. Matasa na barin ƙauyuka, tsofaffin membobi na gajiya, lokacin gobara kuma yana ƙara tsawo. Hukumomi sun fara komawa wurin 'yan asalin ƙasar suna koyon tsohuwar dabarar ƙona daji da sanyi, wadda kakanninsu suka raina.

'Yan uwa, mu ba baƙin gayya ba ne, kuma babu wanda zai koya mana fita taimakon maƙwabci. Hunturu na zuwa duk shekara da gobarar daji da ta kasuwa, mu da ke nema a kasuwanni da kara da zango mun san abin da wuta ke yi wa jarin mutum cikin dare ɗaya. Mutanen Berrigan ba su fi mu zuciya ba, zama suka yi tun wuta ba ta tashi ba suka rubuta sunaye suka naɗa shugaba. A taronmu na gaba yana da kyau a tambaya: wa ke riƙe da lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa, ina ruwa yake idan an buƙace shi da tsakar dare, shin mota za ta iya shiga layinmu, kuma samari nawa ne a cikinmu suka taɓa riƙe tukunyar kashe gobara aka nuna musu yadda ake buɗe ta?

Allah ya kare mu da dukiyoyinmu daga gobara.