Na'urar Gem da Faifan Fim, daga Japan zuwa Haɗeja

Na'urar wasan bidiyo, wadda matasan ƙasar Hausa ke kira gem, ta fara ne da aiki guda. A zamanin Nintendo da Sega na shekarun 1980, ɗan akwati ake zira mata a yi wasa, shi ke nan. Sauyi ya zo da faifan CD. PlayStation ta farko, da kamfanin Sony ya fitar a Japan a Disamba 1994, tana karanta faifan waƙa kamar yadda take karanta na wasa, kuma tun daga nan masu ƙerawa suka gane cewa wannan ƙarin aiki hanya ce ta shawo kan maigida, wanda shi ke fitar da kuɗi ko da ba ya wasa.

Dabarar ta kai matuƙa da PlayStation 2. Ta fito a Japan ranar 4 ga Maris 2000, ta isa Amurka a Oktoba a kan dala 299, tana kunna fim na DVD ba tare da an sayi wani abu daban ba. A lokacin na'urar DVD zalla tana da tsada, don haka gidaje da dama suka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Dreamcast ta Sega ba ta da wannan baiwa, kuma a 2001 aka daina ƙera ta. Xbox ta Microsoft sai an saya mata rimot na musamman kafin ta nuna fim, GameCube ta Nintendo kuwa ƙaramin faifai ne nata. PlayStation 2 ta sayu fiye da miliyan 155. Sony ya maimaita dabarar a 2006 da PlayStation 3 mai faifan Blu-ray, abin da ya taimaka wajen kayar da tsarin HD DVD, wanda Toshiba ya haƙura da shi a 2008.

A Haɗeja da sauran garuruwan da ke sayen kaya daga Kano, labarin ya ɗauki wata hanya, kuma dalilin yana cikin tarihin fim ɗin Hausa. Turmin Danya ya fito a 1990 a kan kaset na bidiyo, Sangaya ma a 1999 a kaset aka fi kallonsa. Da kaset ya ja baya, faifan VCD ne ya gaje shi, ba DVD ba, domin ya fi araha wajen bugawa, ga na'urorinsa 'yan China sun cika kasuwa. A wancan lokacin dillalai kan saro fina-finai a Ƙofar Wambai da Bata a Kano, mota ta kawo su Haɗeja. Matsalar ita ce PlayStation 2, yadda ta fito daga kamfani, ba ta karanta VCD. Sony ya taɓa yin wata farar PlayStation ta farko mai kunna shi, amma don kasuwannin Asiya kaɗai. Bayan haka akwai rabon shiyyoyi da aka yi wa faifan DVD: Najeriya tana shiyya ta 5, alhali yawancin na'urorin da ke shigowa na hannu ne daga Turai da Amurka. Abin da aka yi ta tallatawa a can, a nan bai da amfani ga mai son kallon 'yan fim irin su Ali Nuhu ko Ibro.

Saboda haka gem bai zauna a falo ba, shago ya nufa. Gidan gem ɗaki ne ƙarami, da benci, da talabijin biyu ko uku a jere, da janareta yana ƙara a bakin ƙofa don wutar lantarki ba ta da tabbas. Yara biyu na riƙe da hannayen wasa, goma na tsaye a bayansu suna jiran layi, ana biya wasa-wasa. Ƙwallo ce ke kawo su, Winning Eleven da Pro Evolution Soccer da FIFA. Mai shagon ya san cewa idon da ke karanta faifai shi ne ran na'urar, kuma ƙurar hunturu da zafin bazarar Haɗeja suna cinye shi da wuri. Wanda ya san haka ba zai ƙarar da idon a kan fim na awa uku ba. Masu gyara sukan sa wa na'urar ɗan guntun ƙarfe don ta karɓi faifan kwafi, daga baya kuma aka koma loda wasanni a filash, faifan ma aka ajiye shi. Kallon ƙwallo ta gaskiya yana gidan kallo, fim yana gida wurin mata da yara, kowanne da na'urarsa.

A ƙasashen waje ma tasirin dabarar ya ragu. A 2013 Microsoft ya gabatar da Xbox One a matsayin cibiyar talabijin ta gida a kan dala 499, masu wasa suka karkata ga PlayStation 4 mai dala 399, wadda ko faifan waƙa na CD ba ta kunnawa. A Haɗeja kuwa wayar hannu ce ta karɓe aikin gaba ɗaya: masu turi a bakin kasuwa da tasha suna zuba fina-finai da waƙoƙi a memori, masu data kuma suna bin fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So a YouTube.