Albert Dock: Yadda Tsoffin Rumbunan Liverpool Suka Tsira Daga Rusau

Mafi yawan mutanenmu sun san Liverpool ne ta hanyar ƙwallo, amma tashar jiragen ruwa ce ta gina birnin. A bakin kogin Mersey akwai wani wuri da ake kira Albert Dock. Tafki ne na ruwa mai kusurwa huɗu, wanda manyan rumbunan ajiya na jan bulo masu hawa biyar suka kewaye, suna tsaye a kan kauraran ginshiƙan ƙarfe da aka shafa wa jan fenti. A yau gidajen tarihi ne a ciki da otal-otal da wuraren cin abinci, kuma miliyoyin baƙi na zuwa kowace shekara. Shekaru hamsin da suka wuce kuwa kango ne cike da taɓo, ana jiran ranar rushe shi.

Gobara da sata ne suka haifar da ginin. A farkon ƙarni na 19, idan jirgi ya iso, sai a jibge kaya a bakin ruwa, sannan 'yan dako su kwasa zuwa sito a cikin gari, kuma kafin a kai an yi awon gaba da wani abu. Su kansu ɗakunan ajiyar cike suke da katako. A 1802 wuta ta cinye manyan rumbunan Goree ƙurmus, 'yan kasuwa suka tafka asarar da suka daɗe ba su manta ba. Injiniyan tashar, Jesse Hartley, ya ƙudura yin ginin da wuta ba za ta samu abin ci a jikinsa ba. Shi da maginin nan Philip Hardwick suka tsara rumbunan da bulo da dutse da narkakken ƙarfe zalla, har rufin ma na ƙarfe ne. Wannan ne karo na farko da aka yi gini irin haka a Birtaniya ba tare da katako ya ɗauki nauyinsa ba. Hartley ya dasa rumbunan daf da bakin ruwa, yadda za a ɗago dila daga cikin jirgi kai tsaye zuwa sito, a rufe ƙofa. Ɗan kasuwa kuma ba ya biyan kuɗin kwastan sai ranar da zai fitar da kayansa. Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya buɗe wurin ranar 30 ga Yuli, 1846, bayan shekara biyu aka kafa injinan ɗaga kaya masu aiki da ƙarfin ruwa. Auduga da shayi da siliki da taba da sukari da hauren giwa duk sun kwana a ɗakunan nan.

Sai dai zamanin bai jira shi ba. An auna mashigar ne da jirage masu tafiya da iska, ga shi kuma jirage masu injin tururi sun shigo, sun fi girma, ba sa iya kutsawa. Kafin 1920 da wuya a ga jirgin kasuwa a ciki, sai dai a kawo kaya daga wasu tashoshin a ajiye. Shi ya sa lokacin da gyaɗa da fatu da kiraga na ƙasar Hausa suka fara kwarara zuwa Turai, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, wasu sassan tashar ne suka ci moriyar cinikin, duk da cewa kamfanonin da suka yi fice a harkar Afirka ta Yamma, irin su John Holt da Elder Dempster, 'yan Liverpool ne. A yaƙin duniya na biyu sojojin ruwa suka karɓi wurin, bama-baman Jamus kuma suka ragargaza wani ɓangare a 1941. Daga baya kwantena ta zo ta ƙarasa sauran, aiki ya koma tashar Seaforth can arewa. A 1972 aka rufe Albert Dock, aka bar ƙofofin ruwa a buɗe, kogi ya riƙa shigo da laka har tafkin ya cike.

An sha kawo shawarar rushe shi a gina dogayen ofisoshi. Abu biyu suka tare hanya. Tun 1952 gwamnati ta sa shi a sahun farko na gine-ginen da doka ta kare, sannan ga ƙarfin da Hartley ya zuba masa, wanda ya sa rusau ɗin kansa sai an kashe maƙudan kuɗi. A 1981 aka kafa hukumar raya yankin, Merseyside Development Corporation. A watan Yulin shekarar tarzoma ta ɓarke a unguwar Toxteth, inda rashin aiki da tsamin dangantaka da 'yan sanda suka kai matasa bango, musamman baƙar fata. Nan ne hankalin Landan ya dawo kan birnin, minista Michael Heseltine ya zo ya yi makonni yana zagaye. Aka yashe lakar, aka gyara rufi, kamfanin Arrowcroft ya shigo da jari. Gidan tarihin sufurin ruwa ya tare a ɗaya daga cikin rumbunan, gidan zane-zane na Tate Liverpool ya buɗe a 1988, sannan aka ƙara da wurin baje tarihin mawaƙan Beatles a 1990.

Abin da ya fi daraja a wurin, a ganina, shi ne gidan tarihin bauta da aka buɗe ranar 23 ga Agusta, 2007. An gina Albert Dock ne bayan Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807, amma kafin nan jiragen Liverpool sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa nahiyar Amurka, kuma audugar da ta cika rumbunan daga baya, da yawanta bayi ne suka noma ta. 'Yan taku kaɗan daga ƙofar gidan akwai tsoffin ramukan gyaran jirage na Canning, inda aka riƙa gyara jiragen bayi. Birnin da ya yarda ya faɗi wannan a tsakiyar dandalin da yake taƙama da shi ya cancanci yabo.

Ba komai ne ya dawo ba. An ceci bulo da ƙarfe, amma dubban 'yan dakon da suka rasa abin yi ba su ne suka sayi gidajen alfarmar da aka tsaga a saman rumbunan ba, kuma aikin kai abinci tebur bai maye gurbin aikin tasha ba. Kwaɗayin sababbin gine-gine ma ya jawo wa birnin asara. UNESCO ta sa bakin ruwan Liverpool cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, ta cire shi a 2021 saboda manyan gine-ginen da aka tsara a arewacin tashar, ciki har da sabon filin wasan Everton.

Duk mai niyyar zuwa ya bincika kafin ya kama hanya, domin an rufe Tate Liverpool a 2023 don gyara, gidajen tarihin sufurin ruwa da na bauta kuma suka bi sahu a farkon 2025.