Taruwar Ruwa a Ƙwaƙwalwa Sakamakon Kumburin Jijiyar Jini

Galibinmu mun san taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa ne a jikin jarirai, inda kai ke girma fiye da ƙima. Amma akwai wani nau'i da ke samun manya, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, kuma tushensa jijiyar jini ce.

Ƙwaƙwalwa na da koguna huɗu a cikinta, inda ake samar da ruwa kimanin mililita 500 a kowace rana, ko da yake abin da ke nan a lokaci guda bai wuce kimanin 150 ba. Wajibi ne ruwan ya riƙa bi ta wasu ƙananan hanyoyi yana fita, jini ya tsotse shi. A gindin ƙwaƙwalwa kuma akwai wata babbar jijiya da likitoci ke kira basila, wadda jijiyoyi biyu da suka taso ta ƙashin wuya suka haɗu suka samar. Faɗinta kan kai milimita 3 zuwa 4. Idan ta haura 4.5, ta yi tsawo, ta kuma lanƙwashe, to ta kumbura ke nan.

Jijiyar da ta kumbura kan danne ƙasan kogo na uku, ko siririyar hanyar da ta haɗa shi da na huɗu, sai ruwa ya rasa mafita. Wani lokaci ma hanyar ba ta toshe ba. Bugun jini ne kawai ke dukan wurin ba dare ba rana har ya dagula tafiyar ruwan. Likitocin Suwidin, Breig da abokan aikinsa, sun bayyana wannan yanayi a shekarar 1967.

An fi samun kumburin a tsakanin dattawa maza, musamman masu hawan jini. Da yake ƙashin kan babba ya riga ya haɗe, kai ba ya girma. Abin da iyali za su lura da shi shi ne tangaɗi wajen tafiya, yawan mantuwa, da kasa riƙe fitsari. Wasu kuma ciwon kai da amai. A nan ne mukan yi kuskure, mu ce ai tsufa ne, alhali kuwa abu ne da ake iya yi wa aiki.

Hoton CT ko MRI ne ke tabbatar da cutar. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa kan sanya siririn bututu a ƙarƙashin fata, ya riƙa kai ruwan zuwa cikin ciki. Huda ƙasan kogo na uku, da ake yi a wasu nau'o'in, na da haɗari a nan, domin jijiyar na daf da wurin. Bututun ba ya gyara jijiyar kanta, don haka muna kira ga majiyyata da su ci gaba da shan maganin hawan jini, su kuma garzaya asibiti da zarar magana ta sarƙe ko ɓarin jiki ya yi sanyi.