Daga Magajiya Zuwa Darakta: Mata da Riƙon Hukuma a Ƙasar Daura da Katsina

Duk mai nazarin tarihin Daura ya san jerin sarakunanta da mata ya fara, kuma Daurama ce ta ƙarshensu. Ko bayan da sarauta ta koma hannun maza, Magajiya ba ta zama 'yar kallo ba. M. G. Smith, a littafinsa kan Daura na 1978, ya nuna tana da ikon tsawata wa Sarki in ya kauce hanya.

Mashi ta ishe mu misali. Hakiminta shi ne Iyan Katsina, kuma namiji ne. Amma a Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina suka kafa sabon gari bayan jihadi, mace ce ke riƙe da sarautar Iya, ita ce shugabar mata. Ga suna ɗaya da asali ɗaya, amma tarihi ya raba su.

Jihadi ya rage wa mata sarauta, sai dai bai toshe musu hanyar ilmi ba. Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji masu kai karatu ƙauyuka, wanda shi kansa shugabanci ne.

Bayan 1903 Turawa suka gina mulkin En'e a kan hakimai, alƙalai da magatakarda, dukansu maza. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, 'ya'ya maza kaɗai ta ɗauka. Makarantun 'yan mata na gwamnati a Katsina da Kano sai a 1930. Da yake takardar makaranta ce mabuɗin ofis, wannan rata ta bi mata har bayan samun mulkin kai. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 sun buɗe sababbin kujeru, amma galibin mata a koyarwa, jinya da sashen kula da jin daɗin jama'a suka shiga. Sashen kuɗi da na ayyuka, inda ake yanke shawara, suka kasance na maza. Canjin wurin aiki ya fi yi wa matar aure nauyi, haka kuma shawarar da ake ƙullawa a zaure da dare ba da ita ake yi ba.

Manufar ƙasa ta 2006 ta nemi a bai wa mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai. Hadiza Bala Usman ta shugabanci Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa daga 2016 zuwa 2021, ta nuna abin mai yiwuwa ne. Saboda haka darakta mace a sakatariyar Mashi ko ta Daura ba baƙuwa ba ce. Gadon Magajiya ta tarar. Abin da ya rage ga hukuma shi ne ta kai 'yan mata har ƙarshen karatu, ta kuma riƙa yin ƙarin girma bisa cancanta.