FASHIN BAƘI: Yadda kwamfuta ta shiga tsakanin likita da majinyaci

Kundin lafiya na kwamfuta shi ne tarihin jinyar mutum da ake adanawa a na'ura a madadin katin asibiti da fayil na takarda. A ciki ake tara cututtukan da ya yi fama da su, magungunan da aka rubuta masa, sakamakon gwaje-gwaje, da bayanin kowane likitan da ya duba shi. Amfaninsa ba ɓoyayye ba ne: fayil ba ya ɓacewa a ɗakin kati, rubutun likita kuma ba ya gagarar mai ba da magani. Inda ake ja-in-ja shi ne yadda ya sauya zaman da ake yi a ɗakin ganin likita.

Amurka ce ƙasar da aka fi nazarin wannan batu. A shekarar 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar HITECH, wadda ta ware biliyoyin daloli domin biyan asibitoci da likitocin da suka koma amfani da kwamfuta. Cikin shekara goma kusan dukkan asibitocin ƙasar sun koma. Sai dai yawancin manhajojin an gina su ne da la'akari da kamfanonin inshora, waɗanda ba sa biyan kuɗin aikin da ba a rubuta dalla-dalla ba. Likita ya wayi gari yana cike gurabe domin mai biyan kuɗi, mara lafiya na zaune yana kallon ƙeyarsa.

Wani bincike da mujallar Annals of Internal Medicine ta wallafa a 2016 ya bibiyi likitoci 57 a jihohi huɗu. An gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya, sai ya ƙara kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Ko a cikin ɗakin duba majinyaci, kashi 37 cikin ɗari na lokacin a can yake tafiya. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin ba duk ciwo ake faɗa da baki ba. Shirun da mace ta yi kafin ta amsa tambaya, ko kawar da kai da saurayi ya yi da aka ambaci ƙwaya, sai idon da ke kallo yake kama su.

Amma na'urar da ta ɗauke idon likita ita ce kuma ta buɗe wa majinyaci fayil ɗinsa. A 2010 aka fara gwajin OpenNotes a Boston, Seattle da karkarar jihar Pennsylvania, inda likitoci 105 suka bar marasa lafiyarsu su karanta abin da aka rubuta a kansu ta intanet. Likitoci da dama sun yi fargabar tambayoyi za su yi musu yawa. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna kaɗan ne suka ga ƙarin aiki, majinyata da yawa sun ce sun fi kiyaye shan magani, kashi 99 kuma suka nemi a ci gaba. Daga watan Afrilun 2021 gwamnatin tarayya ta haramta ɓoye wa majinyaci bayanansa. Hakan ma ya zo da tasa matsalar: mutum kan ga sakamakon gwajin ciwon daji a wayarsa cikin dare, kafin likita ya kira shi.

A Najeriya, inda asibitoci ke komawa kwamfuta sannu a hankali, doka ta riga na'ura isowa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba mutum ikon neman kwafin abin da aka adana a kansa. To amma kundin da Turanci ake rubuta shi, cike da gajerun kalmomin likitanci, alhali hirar da aka yi a Kano ko Gusau da Hausa aka yi ta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin yi wa majinyaci bayani, gwargwadon hali, da harshen da yake ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa.