Sunan Inyass: Tsatso Ɗaya, Hidima Iri-iri

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya wa bayinsa sunaye domin a san su da su a duniya, ya kuma sanya ayyukansu su zama abin da za a auna a Lahira. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƙasar Hausa idan aka ambaci Inyass, mutum ɗaya ne ke faɗowa a zuciya, wato Shehu Ibrahim, Sahibul Faila (R.A.). Soyayyarsa ta sa iyaye da yawa suna raɗa wa 'ya'yansu Ibrahim su haɗa da Inyass ko Barhama, har wasu almajirai suka ɗauka kalmar laƙabi ce da Shehu ya keɓanta da ita. A ƙasar Sanigal kuwa, Inyass sunan dangi ne, wanda malamai da malamai mata da 'yan jarida da masu mulki da 'yan ƙwallo suke amsawa. Sanin wannan tarihi yana da amfani ga muridi, domin ya gane abin da suna yake ba mutum da abin da mutum yake nema da guminsa.

Asalin sunan

Bahaushe yakan jingina sunansa ga mahaifinsa, ko garinsu, ko unguwarsu, shi ya sa ake jin wane Kabara, wane Kafinga, wane Sanka. Al'adar Wolof, waɗanda harshensu ya fi yaɗuwa a Sanigal, ta sha bamban da wannan. Kowane mutum yana gadon sunan dangi daga wajen uba, ba ya canzawa ko da ya sauya gari, kuma mutum biyu za su iya haɗa suna alhali kakanninsu sun rabu tun da daɗewa. Suna kiran wannan suna "sant", kalmar da a harshensu take kuma nufin yabo da godiya. Idan ana gaisawa da babba, akan yi ta maimaita sunan danginsa, kamar yadda ake yi wa basarake kirari a nan.

Faransawa sun rubuta sunan da Niasse ko Niass. Da malamai suka zo rubuta shi da Larabci sai suka sa masa alifi a farko, domin Balarabe ba ya fara kalma da harafi mai ɗauri. Daga littattafan Larabci sunan ya iso kunnen malaman Kano da Zariya da Damagaram, shi ne dalilin da ya sa ake cewa Inyass.

Alhaji Abdullahi, tushen gidan ilimi

Wanda ya fara ɗaga wannan suna a fagen ilimi shi ne Alhaji Abdullahi Inyass, mahaifin Shehu. An haife shi a yankin Jolof wajen shekarar 1845, ya kuma yi ƙaura da danginsa zuwa yankin Salum a zamanin jihadin Maba Jahu Ba. Ya ga yaƙi da idonsa, amma daga baya ya ajiye makami ya rungumi karantarwa da noma. Ya yi aikin Hajji a 1890, a lokacin da tafiyar kan ci watanni masu yawa. A 1901 Turawan mulkin mallaka na Faransa suka zarge shi da tayar da fitina, aka ƙona masa gari, ya yi hijira zuwa Gambiya inda ya zauna kusan shekara goma. Ya ziyarci zawiyar Shehu Tijjani a Fas, kuma da taimakon amininsa Alhaji Malik Si na Tiwawan aka bar shi ya dawo gida. Ya sauka a Kaulaha, ya kafa unguwar Lewna, ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a 1922. Abin da ya bar wa 'ya'yansa shi ne littattafai da gonaki da almajirai.

'Ya'ya biyu, zawiya biyu

Babban ɗansa Alhaji Muhammadu, wanda aka fi sani da Halifa Inyass, shi ya gaji zawiyar Lewna. Malami ne mai zurfi a Larabci, mawaƙin yabon Annabi (S.A.W.) da Shehu Tijjani. Lokacin da Ibnu Mayaba, malamin Shinƙiɗi, ya wallafa littafin sukar Ɗariƙar Tijjaniyya, Halifa Muhammadu yana cikin waɗanda suka mayar masa da raddi na ilimi a littafinsa Aljuyushuɗ Ɗulla'i. Ya rasu a 1959.

Ƙanensa Shehu Ibrahim an haife shi a Ɗaiba Inyasin a 1900, kuma a hannun mahaifinsa ya yi karatunsa. Tun yana matashi ya tsara Ruhul Adabi a kan ladubban muridi. A 1929 ya bayyana cewa Failar da Shehu Tijjani ya yi bushara da ita ta zo a hannunsa. Daga nan almajirai suka yi ta kwarara, ya zauna da su a ƙauyen Kosi, sannan ya kafa Madina Baye a gefen Kaulaha, ya kuma rubuta Kashiful Ilbasi domin bayyana hujjojin Faila da tarbiyya. A aikin Hajjin 1937 ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya gayyace shi Kano. Wannan haɗuwa ce ta buɗe ƙofa, har manyan malamai irin su Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Abubakar Atiku Sanka da Malam Sani Kafinga da Malam Usman Maihula suka sallama masa, Sarki Muhammadu Sanusi kuma ya zama halifansa a Nijeriya. Shehu yana cikin waɗanda aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami da su a Makka a 1962. Ya rasu a Landan a watan Yulin 1975, aka kawo shi Madina Baye aka binne shi.

Bayansa halifancin gidan ya bi 'ya'yansa babba bayan babba: Alhaji Abdullahi har zuwa 2001, Shehu Ahmadu Dam har zuwa 2010, Shehu Ahmadu Tijjani har zuwa 2020, sannan aka naɗa Shehu Muhammadul Mahi a wannan shekara.

Matan gidan

A zamanin da mutane da yawa ke ganin karatun 'ya mace ɓata lokaci ne, Shehu ya zaunar da 'ya'yansa mata gaban allo kamar yadda ya zaunar da maza. Sayyida Ruƙayya ta zama marubuciya, kuma littafinta Tanbihul Bintil Muslima nasiha ce ga 'ya Musulma a kan addininta da duniyarta. Sayyida Maryama, wadda aka haifa a 1932, ta haddace Alƙur'ani tun tana ƙarama, ta kafa makarantar Darul Ƙur'anil Karim a Dakar, inda yara daga ƙasashe daban-daban suka yi hadda a hannunta, har aka yi mata laƙabi da Hadimatul Ƙur'an. Ta rasu a watan Disambar 2020. Mace a Sanigal ba ta ba ɗanta sunan danginta, saboda haka abin da waɗannan iyaye suka gadar shi ne Alƙur'anin da ke ƙirjin almajiransu.

Mai alƙalamin jarida

Daga reshen Lewna aka sami Sidi Lamin Inyass, ɗan Halifa Muhammadu, wanda aka haifa a 1950. Ya yi karatu a Azhar, kuma kowa na iya zaton zai dawo ya shimfiɗa buzu a zaure kamar iyayensa. Sai ya zaɓi wata hanyar. A 1984 ya kafa mujalla mai suna Wal Fadjri, sunan da ya ɗauko daga farkon Suratul Fajri. Mujallar ta girma ta zama jarida mai fitowa kullum, a 1997 ya buɗe gidan rediyo, daga baya ya ƙara da talbijin. A lokacin da gwamnati ce ke riƙe da yawancin kafofin labarai, gidansa ya zama wurin da talaka ke jin labari da harshen Wolof, ya kuma faɗi ra'ayinsa. An san shi da faɗa wa masu mulki gaskiya ba tare da duba wanda ke kan kujera ba, abin da ya jawo masa saɓani da gwamnatoci. Ya rasu a Dakar a watan Disambar 2018.

Mai hidimar ƙasa

A fagen mulki babu wanda ya kai Mustafa Inyass shahara da wannan suna. An haife shi a 1939 a Keur Madiabel, cikin jihar Kaulaha, kuma ta hanyar karatun boko ya taso. Ya yi shekaru yana shugabantar ofishin Shugaba Leopold Senghor, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje sau biyu, daga 1978 zuwa 1984, da kuma daga 1993 zuwa 1998. A watan Afrilun 1983 ya zama firayim minista na 'yan makonni kafin Shugaba Abdou Diouf ya soke muƙamin. A 1999 ya kafa jam'iyyarsa, ya zo na uku a zaɓen 2000, ya mara wa Abdoulaye Wade baya a zagaye na biyu, kuma wannan ne karon farko da mulki ya bar hannun jam'iyyar da ke riƙe da shi tun samun 'yancin kai a 1960, ba tare da an zubar da jini ba. Ya sake zama firayim minista daga 2000 zuwa 2001. A 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura shi sasanta ɓangarorin da ke yaƙi a Kwango, har aka sa hannu a yarjejeniya a Pretoria cikin Disambar shekarar. Ya shugabanci majalisar dokokin Sanigal daga 2012 zuwa 2022.

Ɗan ƙwallo

Samarin zamani kuwa da yawansu a bayan rigar ƙwallo suka fara ganin sunan. Umar Inyass, haifaffen unguwar Wakam a Dakar a 1990, ya yi wasa a Turkiyya da Rasha kafin ƙungiyar Everton ta Ingila ta saye shi a 2016 a kan fam miliyan 13.5. Bai daɗe ba sabon mai horarwa ya ajiye shi gefe, aka hana shi ko da lambar riga. Bai yi hayaniya ba, ya ci gaba da atisaye tare da yara, ya tafi zaman aro a Hull. A watan Satumbar 2017 aka sako shi daga benci ana cin ƙungiyarsa, ya zura ƙwallo biyu a ragar Bournemouth, aka tashi 2 da 1. Sana'arsa nesa take da zaure da allo, amma haƙuri duk inda aka gan shi haƙuri ne, kuma mahaƙurci mawadaci.

Limancin da ya tafi gidan Sise

Duk wanda yake son sanin matsayin suna a wurin Shehu Ibrahim, sai ya dubi abin da ya yi da limancin masallacinsa. Yana da 'ya'ya malamai masu amsa sunan Inyass, amma ya gabatar da almajirinsa kuma amininsa Sayyidi Aliyu Sise, wanda ya lazimce shi tun ƙuruciya, ya yi masa hidima da rubutu da karantarwa, ya kuma aurar masa da 'yarsa Sayyida Faɗimatu Zahra'u. Sayyidi Aliyu ya riƙe limanci har rasuwarsa a 1982. Ɗansa Shehu Hasan Sise, jikan Shehu ta wajen uwa, ya gaje shi, ya kai Faila ga baƙaƙen fatar Amurka, ya kafa musu cibiya a 1988. Da ya rasu a 2008, ƙanensa Shehu Tijjani Sise ya hau. Ke nan a Madina Baye, halifa Inyass ne, liman Sise ne, kuma halifan kan tsaya a sahu a bayan limamin.

Wannan tsari yana da asali a Musulunci. Ɗan Annabi Nuhu (A.S.) ya fito daga tsatson annabci, amma da ya ƙi bin mahaifinsa, ruwa ya ci shi. Salmanul Farisi (R.A.) ya zo daga Farisa ba shi da dangi a Madina, amma gaskiyarsa da hidimarsa suka sa aka lissafa shi cikin mutanen gidan Annabi (S.A.W.).

Kammalawa

Girmama zuriyar Shehu wajibi ne a kan kowane muridi, domin wanda ya so uba dole ya so ɗansa. Tarihi kuma ya nuna cewa waɗanda suka yi fice da wannan suna, kowannensu sai da ya yi aikinsa: Alhaji Abdullahi da hijira da karantarwa, Halifa Muhammadu da alƙalami, Sayyida Maryama da allo, Sidi Lamin da jarida, Mustafa da sulhu, Umar da juriya. Haɗa suna ba ya mayar da kowa muƙaddami, don haka ya kamata a yi hattara da masu yawo gari-gari suna cin abinci da nasaba ba tare da ilimi ko izini tabbatacce ba. Mahaifin da ya raɗa wa ɗansa Inyass ya ɗora masa amana, sai ya haɗa masa da karatu da ladabi da sana'ar halal. Almajirin da ba ya amsa sunan kuma bai yi asara ba, domin ƙofar da Sayyidi Aliyu Sise ya shiga ta hidima da gaskiya har yanzu a buɗe take.

Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa Shehu Ibrahim yarda da kusanci, ya shiryi zuriya, ya karɓi wannan taro, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.