Rakodar Talabijin a Kuala Lumpur: Yadda Take Aiki da Abin da Za a Sani Kafin a Biya Kuɗi

Wannan bayani ne a kan na'urar da ke naɗar shirye-shiryen talabijin a gida, wadda za ku ga an rubuta DVR ko PVR a jikin kwalinta. An tsara shi domin 'yan zango da ke karatu ko aiki a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, da masu shirin tafiya can, da kuma iyayen da ake turo wa saƙo a ƙaro kuɗin "akwatin TV". Rakodar tana ba mutum damar kallon abin da yake so a lokacin da ya ga dama. Sai dai abin da ta naɗa yana ɗaure da kuɗin wata, ita kanta kuma tana ɗaure da ƙasar da aka same ta.

Mece ce rakodar talabijin?

Dikoda ce irin wadda muka saba gani, amma an haɗa ta da rumbun ajiya. Dikodar da ba ta da rumbu tana nuna shiri ne ya wuce, wanda bai gani ba ya rasa. Mai rumbu kuwa tana adana shirin kamar yadda waya ke adana bidiyo. Ayyukanta manya guda huɗu ne:

- Naɗar shiri a lokacin da ba ka gida ko kana barci.
- Tsayar da shirin da ake watsawa kai tsaye, ka tashi ka yi uzurinka, ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya.
- Tariyo baya ka sake kallon ƙwallon da aka ci ko maganar da ba ka ji sosai ba.
- Naɗar shiri mai dogon zango gaba ɗayansa, kashi bayan kashi, da umarni ɗaya.

Dattawanmu sun san irin wannan aiki tun zamanin kaset ɗin bidiyo. Bambancin shi ne yanzu babu sayen kaset, hoton ba ya dushewa don an yawaita kallo, kuma kana iya fara kallon farkon shiri alhali ba a gama naɗar ƙarshensa ba. Kamfanonin TiVo da ReplayTV ne suka fara fito da irin wannan na'ura kasuwa a Amurka a 1999. A ɓangarenmu na Afirka, wanda ya taɓa amfani da DStv Explora ya riga ya san ta.

Me ya sa ta fi amfani a Kuala Lumpur?

Amsar tana jikin agogo. Malesiya tana gaban Ghana da awa 8, tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7. Ga yadda lokutan wasa ke faɗawa:

- Wasan Firimiyar Ingila na ƙarfe 3 na ranar Asabar: ƙarfe 11 na dare a Kuala Lumpur a lokacin sanyin Turai, ƙarfe 10 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.
- Wasan dare na Gasar Zakarun Turai: ƙarfe 4 na asuba a lokacin sanyi, ƙarfe 3 idan Turai ta sauya agogo.
- Duk wasa ko shirin da aka fara ƙarfe 8 na dare a Accra ko Kumasi: ƙarfe 4 na asuba.

Wasan da aka fara ƙarfe 4 yana ƙarewa ne dab da ƙarfe 6, wato daidai lokacin sallar Asuba a birnin. Wasannin Zakarun Turai kuma Talata da Laraba aka fi yin su. Ɗalibin da ke da darasi ƙarfe 8 na safe a Jami'ar Malaya, ko a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak a gefen birnin, idan ya raba dare biyu a jere yana kallo, karatun da aka tara kuɗi aka tura shi ne zai sha wuya. Haka ma ma'aikacin da zai kama jirgin ƙasa da sassafe. Da rakoda, mutum zai kwanta a kan lokaci, ya kalli wasansa da yamma.

Su wa ke ba da ita a Malesiya?

Babban kamfanin talabijin na biya a ƙasar shi ne Astro. Ya fara watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam a 1996, cibiyarsa kuma tana unguwar Bukit Jalil a Kuala Lumpur. Rakodarsa ta farko, Astro MAX, ta fito a 2006. A ƙarshen 2009 ya kawo tashoshi masu hoto garau da sunan Astro B.yond, sannan a 2010, shekarar Gasar Cin Kofin Duniya ta Afirka ta Kudu, ya fito da B.yond PVR mai rumbun gigabait 500. A 2019 aka ƙaddamar da Ultra Box, daga baya Ulti Box ta biyo. Waɗannan sababbin biyu suna ajiye abin da ka naɗa ne a rumbun kamfanin, kai kuma ka jawo shi ta intanet.

Akwai kuma Unifi TV na kamfanin Telekom Malaysia, wanda ke zuwa ta wayar intanet ɗin gida. Sannan akwai tashoshin kyauta irin su TV1 da TV2 na gwamnati da TV3, waɗanda ake kamawa da eriya. Malesiya ta kammala rufe tsohon tsarin watsa talabijin a ranar 31 ga Oktoba, 2019, don haka yanzu sai da dikoda ko talabijin mai fahimtar tsarin DVB-T2.

Iri uku da za ka tarar

*Mai rumbu a ciki.* Ita ce irin B.yond PVR. Kallon abin da ka naɗa ba ya buƙatar intanet. Yawanci tana son waya biyu daga dish, domin ta naɗi tasha ɗaya kana kallon wata. Idan rumbun ya lalace, duk abin da ke ciki ya tafi.

*Mai ajiya a rumbun kamfani.* Ita ce irin Ultra Box da Ulti Box. Tana iya naɗar shirye-shirye da yawa a lokaci guda, kuma ana iya kallonsu a waya ta manhajar kamfanin. Sharaɗinta intanet mai ƙarfi. Kamfanin ne ke yanka yawan awannin da za ka ajiye da kuma tsawon kwanakin da za su zauna.

*Mai ramin USB.* Wasu dikodojin tashoshin kyauta da wasu talabijin suna naɗa a kan filashi ko rumbun waje da ka jona musu. Babu kuɗin wata, amma tashoshin kyauta kaɗai za ka samu. Ana samun rumbun waje a shagunan kayan kwamfuta irin na Plaza Low Yat da ke Bukit Bintang. A tambayi mai shago ko dikodar tana naɗa kafin a biya, domin wasu suna da ramin amma kunna bidiyo kawai suke yi.

Lissafin wurin ajiya

Tasha mai hoto garau da ke zuwa da saurin megabit 8 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 3.6 a awa ɗaya. Wasan ƙwallo na awa biyu zai ci sama da gigabait 7 ke nan. Da wannan lissafi, rumbun gigabait 500 ba zai wuce awa 140 ba. Yana da yawa a ido, amma a gidan da mutum huɗu ke haya tare, kowa da ƙungiyarsa da fim ɗinsa, 'yan makonni sun isa ya cika. Wasu na'urorin idan sun cika sukan goge mafi tsufa da kansu. Wanda yake son wani shiri ya zauna sai ya sa masa alamar kariya a cikin jerin abubuwan da aka naɗa.

Dabarun amfani

*Ƙara lokaci a ƙarshen wasa.* Rakoda tana bin jadawalin tashar ne, ba ta san abin da ke faruwa a fili ba. Ku tuna wasan Ghana da Uruguay a Johannesburg ranar 2 ga Yuli, 2010. An take shi ƙarfe 6:30 na yamma agogon Ghana, wato 2:30 na daren wayewar Asabar a Kuala Lumpur. An tashi 1-1, aka shiga ƙarin lokaci. Duk wanda ya ba na'urarsa awa biyu cif, naɗin nasa ya yanke a farkon ƙarin lokacin. Bai ga hannun Luis Suarez ba, bai ga fanaretin Asamoah Gyan ba, bai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida da aka tashi 4-2 ba. A duk wasan sili ɗaya ƙwale, a ƙara awa ɗaya, ko a naɗa har da shirin da ke biye.

*Duba kwanan wata.* Wasan daren Talata a Turai, asubahin Laraba ne a jadawalin Malesiya. Mutane da yawa a nan suke rasa wasansu.

*Kar a kashe ta daga bango.* Na'ura mai rumbu a ciki ba ta naɗa sai tana da wuta. A kashe ta da rimot kawai. Zare filogi ana cikin naɗi yana iya ɓata abin da ake naɗa, har ma da rumbun.

*Yi hattara da ruwan sama.* A Kuala Lumpur ana yawan yin ruwa kamar da bakin ƙwarya da tsawa, musamman da la'asar. Ruwa mai ƙarfi yana katse siginar dish, rakodar da ke ɗakinka kuma za ta bar giɓi a daidai wurin. Idan shirin yana da muhimmanci, a naɗi maimaicinsa ma. Soket mai kare kaya daga tsawa yana da araha a kan sayen sabuwar na'ura.

*Kulle tashoshi.* Gidan da ke da yara ya yi amfani da lambar sirri. A gwada a tabbata kullen ya shafi abubuwan da aka riga aka naɗa.

*Guje wa masu ba da labari.* Rakoda ba ta hana 'yan majalisarku na WhatsApp turo sakamako. A rufe sanarwar kafin a kwanta.

Zanen aro ba ya rufe katara

Nan ne aka fi yin asara. Abin da rakodar kamfanin biya ta naɗa a kulle yake, kuma yana ɗaure da rajistarka. Ba za ka kwafe shi a filashi ka aika gida ba. Idan kuɗin wata ya yanke, ko ka cire wata tasha daga tsarinka, ka sa a ranka cewa abin da ka naɗa daga cikinta zai iya rufewa.

Na biyu, dikodar Astro ba ta aiki a ƙasashenmu. Filogin Malesiya mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na Ghana da Najeriya, ƙarfin wutar ma kusan ɗaya, shi ya sa wasu ke zaton za ta yi tsaraba. Amma taurarin MEASAT da ke ɗauke da tashoshin suna tsaye ne a digiri 91.5 gabas. Daga Accra, Tamale ko Kano, wannan wuri yana ƙasa da inda ido ke iya hango sararin sama, don haka kowane irin girman dish ba zai gan shi ba. Wanda ya cika jaka da ita ya biya kuɗin kaya a banza.

Abin da doka ta ce

Ana tallar wasu ƙananan akwatuna masu arha da alkawarin duk tashoshin duniya ba kuɗin wata. A watan Mayu na 2021, Babbar Kotu a Kuala Lumpur ta bayyana cewa sayarwa da rarraba irin waɗannan akwatuna keta Dokar Haƙƙin Mallaka ta 1987 ne. A 2022 aka ƙara wa dokar sashe na 43AA, wanda ya tanadi tarar ringit 10,000 zuwa 200,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 20, ko duka biyun, ga masu ƙerawa, shigowa da su, sayarwa ko tallata su. Matashin da aka ce ya riƙa sayar wa 'yan uwansa ɗalibai don ya samu na kashewa, ya sani takardar zamansa da karatunsa yake jefawa cikin haɗari. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Haka nan rajistar gida ta gida ce. Mai gidan abinci ko shagon aski da ke son nuna wa kwastomomi wasa sai ya yi rajistar kasuwanci. Tsarin gidan kallo da muka saba da shi a unguwanninmu ba a ɗauke shi a kai can haka kawai.

Tambayoyi shida kafin a sa hannu

1. Wata nawa ne yarjejeniyar, kuma nawa ne tarar fita kafin wa'adi? Wasu tsare-tsaren suna kai shekara biyu, alhali takardar zaman ɗalibi yawanci duk shekara ake sabunta ta.
2. Akwatin naka ne, ko za a mayar wa kamfani idan an gama?
3. Mai gida da masu kula da benen sun yarda a kafa dish? A dogayen benaye sau da yawa dish ɗaya ake rabawa, ko a bi ta intanet.
4. Gasar da kake so tana cikin tsarin da za ka biya? Haƙƙin nuna wasanni yana sauya hannu daga kaka zuwa kaka.
5. Awa nawa na ajiya aka ba ka, kuma kwana nawa naɗin ke zama?
6. Sunan wa ke kan rajistar? Idan abokan haya suka watse, wanda sunansa da fasfonsa ke kan takarda shi za a bi bashi.

Ga iyayenmu da ke tura kuɗi, waɗannan tambayoyi shida sun isa ku gane ko abin da yaro ke nema ya dace da aljihu da kuma tsawon zamansa. Ga matasa, wanda ƙwallon mako ɗaya ko biyu kawai yake bi, ya fara duba ko manhajar waya ko maimaicin da tasha ke yi zai wadatar da shi kafin ya ɗaura wa kansa kuɗin wata. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba 'yan uwanmu da ke can sa'ar abin da suka je nema, Ya dawo mana da su lafiya.